Jan Hatimin Barmo

Barmo mutumin Allakaye ne, ɗan majemi, jikan majemi. Tun bai iya ɗaura wando ba yake shaƙar warin ɗanyar fata, har ya zama in ya je garin da ba a jimar fata sai ya ce iskarsu ba ta da daɗi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa kuma ba su cika hawa fuskar mutum ba. Mutanen garinsu suna cewa bai taɓa musa wa wanda ya girme shi magana ba, ko da babban ya ce daga yamma rana take fitowa. Don yabo suke faɗin haka. Da sun san inda halin zai kai shi, da sun rage yabon.

A shekarar 1931, da fara ta cinye geron Adar ta bar mutane da kara, Barmo ya ɗauki sanda da gora ya gangara Madawa. Ya samu aikin dako a wani kamfanin Turawa da ke sayen gyaɗa da fata, yana sayar da yadi da gishiri da sukari. Wata uku ya yi yana ɗaukar buhu. Ran nan aka zube fatun awaki a tsakar mangaza, babban ɗakin ajiyar kamfanin, mai tantancewa kuwa kurkunu ya kwantar da shi. Barmo ya gaji da ganin fata zube ba mai kula ta, ya tsuguna ya raba ta kashi uku. Da Bature ya zo ya duba, bai mayar da ko ɗaya wani kashi ba. Daga ranar Barmo bai sake ɗaukar buhu ba.

Ga yadda aikin yake. Fatar da aka feɗe babu yankan wuƙa, aka rataye ta a igiya ta bushe a inuwa, ita ce lamba ɗaya. Mai ɗan tabo ko huda, lamba biyu. Lamba uku ita ce munafuka, wadda malalacin mahauci ya shimfiɗa a ƙasa cikin rana. Samanta ya bushe ƙayau, cikinta da sauran danshi. A hannu ba ta da bambanci da ta kirki, sai an ɗaga ta wajen haske a ga wani ɗan sheƙi da rana ta bari a jikinta. In ta ɓuya cikin ɗauri ta daɗe, ruɓewa take yi, ta kuma ruɓar da duk wadda ke jingine da ita.

Uwar kamfanin tana Madawa, da rassa biyu, ɗaya a Buza, ɗaya a Keita. Kowane reshe da shugabansa, kowane shugaba da masu saye da yake turawa kasuwannin ƙauye. Shugaban reshe shi zai tantance, shi zai ɗaure fata ɗari-ɗari, shi zai buga baƙin hatiminsa a kan ƙyallen ɗaurin, raƙuma su kawo Madawa. Ba mai duba bayan wani. Buza tana hannun wani Halidu, dogo mai baki, wanda a ganinsa shi ya kamata a ce yana riƙe da Madawa. Keita kuwa tana hannun Illa, dattijon da ya fara sayen fata wurin Buzaye da Fulani tun kafin kamfanin ya san hanyar Adar.

Wata shekara aka tura Barmo Keita ya taimaka na rani ɗaya, ya dawo da mata. Cima ce, 'yar Illa. Ita ta gan shi ta so shi, uban kuma ya ga hannunsa a kan fata ya ce ya yarda. Tun ranar ɗaurin aure kunya ta shiga tsakaninsu yadda ta saba shiga tsakanin mutum da surukinsa, sai dai Barmo ya ɗauke ta da nauyin da ya wuce na kowa. Bai ƙara faɗin sunan Illa ba. Akwai wani mai raƙumi da ke da wannan suna, Barmo sai dai ya ce da shi "mai sunan Baba". Ba ya ci ba ya sha inda tsohon yake. In ya hango shi tafe, sai ya tuɓe takalmi ya ratse gefen hanya ya durƙusa, har tsohon ya wuce. Dattawan Keita suna buga misali da shi in suna yi wa mazajen 'ya'yansu faɗa.

A 1938 aka kawo sabon Bature Madawa. Mutane ba su wahalar da kansu da sunansa ba, suka kira shi Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Mutum ne mai son tsari. Sati biyu da zuwansa ya sa aka shafe bangon biro, wato ofis, da baƙi, ya ɗauki alli ya zana akwatuna: ɗaya a sama, tasa ke nan, uku a ƙarƙashinta, gyaɗa da fata da kanti, can ƙasa kuma Buza da Keita. Sannan ya zana wata sabuwa tsakanin Madawa da rassan, ya ce wannan ta kwantarola ce, wato mai zagayawa yana duba aikin rassa. Kwantarola ba ya ƙarƙashin shugaban Buza, ba ya ƙarƙashin na Keita, Madawa kaɗai yake ji wa magana. Duk wata zai zaga. A cikin kowane ɗauri biyar zai yanke igiyar ɗaya, ya duba fata ɗai-ɗai, in ya gamsu ya buga jan hatimi kusa da baƙin. Ɗaurin da ba shi da ja, mangaza ba za ta karɓa ba.

Ya nuna akwatin da bakin lofe, ya ce, "Barmo, nan kai ne."

Barmo bai iya karatun boko ba, amma ya iya ganin sama da ƙasa. Ya ga akwatinsa a bisa ta Keita, ga zane ya sauka daga tasa zuwa kan ta surukinsa. A nan ne ya kamata ya buɗe baki. Magana ce ta numfashi ɗaya, ya kira Bature da kiran girmamawa na Faransanci ya ce: "Mushe, na Keita uban matata ne." Amma ga doki an nuna masa, ga rigar kaki, ga hatimi cikin 'yar jakar fata, ga Halidu tsaye fuska ta yi baƙi don haushi. Ban da haka ma, Bature babba ne, kuma ya riga ya yi magana. Barmo ya ce, "To, Mushe."

A Buza ya zama bala'i. Doka ta ce ɗaya cikin biyar, shi kuwa uku yake yankewa, wani lokaci duka biyar. Zai zauna bakin ƙofar ɗakin ajiya yana ɗaga fata wajen haske, yana jefa lamba uku gefe, Halidu na tsaye a kansa yana zage-zage.

"Kwantarola, wagga mi tay yi maka? Ko uwarka ba ta shanya hwata da ta hi wagga!"

"Rana tac cinye ta," in ji Barmo, ya jefar.

Cikin shekara guda mahautan Buza duk suka koma shanya a inuwa, don sun gane masu sayen Halidu ba sa karɓar ta ƙasa. Mai Lofe ya ji daɗi. Halidu kuwa ya ƙulle abin a zuci.

Daga Buza sai ya hau dutse ya gangara kwari, ya kwana hanya, ya isa Keita da hantsi. Tun daga nesa zai sauka daga doki, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin zaure.

"Baba, ina kwana? Ina gajiya?"

"Lahiya lau, ɗana. Ina mutanen gida? Madalla."

Iyakar maganar ke nan. Illa zai miƙe, ya ɗauki sandarsa da buta, ya fice, ba zai dawo ba sai bayan la'asar. Barmo ya ɗauka gudun suruki ne irin wanda aka saba. Sai a bar shi shi kaɗai da ɗaurukan fata jere a jikin bango, kowanne da baƙin hatimin tsohon, kowanne da ƙullin da tsohon ya yi da hannunsa.

Zuwan farko ya fitar da wuƙa. Ya ɗora ta a kan igiya, gumi ya keto masa. A ransa, yanke wannan igiya daidai yake da ya tsaya gaban mutumin da ya ba shi 'ya ya ce, "Baba, ban yarda da kai ba." Wane ne shi? Mutumin da ke tantance fata tun ba a haife shi ba? Ya mayar da wuƙa kube, ya buga ja a kan duka, ya hau doki. Zuwa na biyu bai yi gumi sosai ba. Kafin shekara ta zagayo, ko wuƙar ba ya fitarwa.

Ba za a ce bai ga alama ba. Ya ga tsohon ya fara dafa bango in zai fita. Ya ga ran da ya gaishe shi daga dama, tsohon ya amsa yana fuskantar hagu. Ya gani, ya ce wa kansa hasken rana ne, ya kau da kai. Ya ƙware wajen kau da kai.

Da abin zai daɗe a rufe, don a lokacin fata ba ta kwana da yawa. Sati biyu daga Madawa ta isa Kano, ta shiga hannun wasu, ta haɗu da dubbai. Sai yaƙin Turawa ya zo, a 1940 aka rufe iyakar da ke tsakaninsu da Kano, hanyar kudu ta mutu. Fata ta koma jiran kamiyo, babbar motar kaya, mai bin doguwar hanya ta yamma, kamiyon kuwa sai a yi wata huɗu ba a ga ƙurarsa ba. Aka kuma ce fatar yanzu ta soja ce, gwamnati ta riga ta sa hannu a kanta tun tana mangaza. Ɗauri ya hau kan ɗauri har rufi, daminar 1941 ta sauka a kansu.

Ranar wata Litinin masu dako suka buɗe ƙofar mangaza suka ja baya suna toshe hanci. Aka bi warin har kusurwar da kayan Keita suke. Ɗauri na farko da aka yanke, gashi ya biyo hannu, tsutsa na motsi a tsakiya. Na biyu haka, na uku haka. Aka yanke na Buza guda shida, duk garau. Barmo yana tsaye yana kallo.

Mai Lofe ya kira shi biro, ya rufe ƙofa. Yana jin Hausa, sai dai a tsaye yake yin ta, ba lanƙwasa.

"Hatimi biyu ne a kan kowane ɗauri. Ɗaya ya yi ƙarya. Kayan soja ne, kumandan mai mulkin ƙasar nan yana son suna. Suna ɗaya. Wanda na ba shi zai tafi gidan kaso, ya ɗauki dutse a hanyar mota."

Barmo ya sunkuyar da kai.

"Ina son aikinka," in ji Bature. "Ji nan. Doka ta ce ɗaya cikin biyar. In ka buɗe ɗaya, ka ga mai kyau, ka buga ja, ka bi doka. Sauran huɗu na mai baƙin hatimi ne. Na aika a kira shi. Ranar Asabar zan tambaye ka gaban kowa ko ka buɗe. Ka gane?"

Ya gane sarai. Ƙofa ce aka buɗe masa, amma sai ya taka kan surukinsa zai fita.

Da ya fito ya tarar da Halidu, wanda ya zo rakiyar raƙuman Buza, jingine da bango yana sakace.

"Kwantarola, sannu da aiki. Ni dai nawa ka yanke igiyassu har na rasa ta ɗaurin akuya. Na Keita kuwa, Allah kaɗai yas sani. In anka tambaye ni, gaskiya zan hwaɗi."

Barmo ya wuce gida.

Kwana biyu bai gaya wa Cima ba. Ran Laraba da safe tana kaɗi a inuwar rumbu, ya zauna nesa da ita ya faɗa mata duka, yana kallon ƙasa. Mazarin ya tsaya a hannunta.

"Ka buɗe ko ba ka buɗe ba?"

Ya kau da kai.

"Shekara ukku? Ko guda?"

"Ƙullin Baba na, Cima. Da wane hannu zan yanke shi?"

Ta ajiye audugar. Ta ce tun Sallar bara ta san idon ubanta ya tafi. Ta je gaida shi, ta durƙusa gabansa da rana tsaka, ya kira ta da sunan ƙanwarta, bai gane ta ba sai da ta yi magana.

"Mi yas sa ba ki hwaɗa mani ba?"

"In hwaɗa ma mijina ubana ya makance? Kai da ka zuwa duk wata, ba ka da ido?"

Ba wanda ya iya ɗaga kai ya kalli ɗan'uwansa. Can ta ce, "Shekara sittin da biyar gare shi. In sunka ɗora mishi dutse, sati biyu ba ya yi."

"In ni na hwa?"

Ta waiga ta dubi 'ya'yansu huɗu suna wasa a bakin ɗaki, ta dubi rumbun da saura kaɗan a ga gindinsa, ga hatsi ya yi wuya a kasuwa saboda yaƙi.

"Kar ka sa ni zaɓe," in ji ta. Ta tashi ta shiga ɗaki, ya ji tana kuka ƙasa-ƙasa.

Ya yi sallar Juma'a bai san abin da liman ya karanta ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske. Ya ga fursunonin da ke aikin hanya, ya ga yadda wuyansu ke komawa cikin kafaɗa. Sau goma ya shirya "Na buɗe, Mushe" a bakinsa, ya ji ta zauna daidai. Sau goma kuma ya ga tsohon da kwandon dutse a ka, yana laluben hanya da ƙafa.

Asabar da hantsi Illa ya iso bisa raƙumi, wani Buzu maƙwabcinsa yana jan akala. Da raƙumin ya durƙusa, tsohon ya zuro ƙafa yana neman ƙasa, kowa ya ga abin da ake ɓoyewa. Aka kama hannunsa aka shigar da shi mangaza, aka zaunar da shi kan buhu. Masu dako sun cika bakin ƙofa, Halidu na gaba. Barmo ya tuɓe takalmi ya durƙusa can gefe.

Mai Lofe ya sa aka jawo fata ɗaya daga ruɓaɓɓen ɗauri aka ɗora wa tsohon a cinya. Illa ya shafa, gashin ya biyo yatsunsa. Ya kai hanci, ya sauke a hankali. Fuskarsa ta faɗa.

"Hatiminka ne?" in ji Bature.

"Nawa na, Mushe."

Bature ya juya. "Barmo. Ka buɗe ɗaya cikin biyar a Keita, ko ba ka buɗe ba?"

Barmo ya dubi ƙasa. Halidu ya matso yana cewa, "Mushe, ni in hwaɗa maka..." Bature ya ɗaga masa hannu. "Kai kana Buza. Ba ka ga Keita ba. Yi shiru."

Kafin Barmo ya buɗe baki, tsohon ya yi gyaran murya.

"Ya buɗe, Mushe. Duk wata shina buɗewa. Yaron ga ba ya wasa da aiki, ka tambayi Buza. Laihina na. Idona sun mutu shekara ukku ke nan, na ɓoye don kar a amshe mani aiki. Da hannu nike tantancewa. Abin da yat tsere mishi cikin huɗun nan, ni nis sa shi. Ka rubuta sunana."

Ba don ya kāre shi ya faɗa ba, da gaske haka ya yi imani. Bature ya gyaɗa kai, ya zaro alƙalami. An gama. Barmo bai ma yi ƙarya ba. Abin da ya rage masa kawai shi ne ya yi shiru, aikin da ya fi iyawa a duniya. Kuma shirun shi ne ladabi, don wane marar kunya ne zai ƙaryata surukinsa a gaban masu dako? Duk abin da aka koya masa tun yana yaro ya ce ya riƙe bakinsa.

Alƙalamin ya taɓa takarda.

"Ba haka ba na, Baba."

Muryar ta fito siririya, har sai da mutane suka waiwaya suna neman mai maganar. Barmo ya ɗago kai, ya dubi fuskar tsohon sosai, abin da bai yi ba tun ranar ɗaurin aure.

"Ban buɗe ba. Ko guda ban taɓa buɗewa ba. Bugawa kawai nike yi in tahi. Mushe, jan hatimi shi yay yi ƙarya."

Masu dako suka sunkuyar da kai. Halidu ma, da ya zo don ya ga wannan rana, ya rasa inda zai sa idonsa. Bature ya cire lofe daga baki ya yi wata magana da Faransanci wadda ba a buƙatar tafinta a gane ta.

Illa ya ture fatar daga cinyarsa. Ya sauko daga kan buhu, ya rarrafa da hannu har ya taɓa ɗaurukan Keita da ba a yanke ba tukuna. Ya lalubo ƙullin igiya. Shi ƙullin masu raƙuma yake yi, wanda ya koya wurin Buzaye, Barmo kuwa na majema yake yi, duk ɗaurin da ya buɗe ya mayar da an ji a hannu. Tsohon ya shafa na farko, ya matsa na biyu, na uku, har ƙarshen layi.

"Ƙullina na," yake cewa. "Wanga ma ƙullina na. Wanga ma."

Ya zauna a ƙasa, ya juyo wajen da ya ji muryar Barmo.

"Ɗana, kana zaton don mi nike ɗaukar buta in bar maka zaure tun hantsi hal la'asar? Ina da gonar da za ni? Gindin bagaruwa nike zama, cikin zahi. Don ka yanke igiya ba ka ji kunyata ba. Ran da anka ce kai anka ɗora bisa kaina, na yi hamdala. Nac ce nawa idon sun tahi, amma Allah ya ba ni wasu a baya. Duk hwatar da niy yi shakka, sai in sa ta ciki, in ce yaron ga zai hidda ta."

Barmo ya kifa goshi a ƙasa. Da an zabga masa bulala hamsin da ya fi masa sauƙi.

Suna ɗaya kumandan ya nema, suna ɗaya aka ba shi. Kafin azahar gardi biyu, 'yan sandan kumandan, suka zo, aka karɓi rigar kaki da jakar hatimi, aka tafi da Barmo ta tsakiyar kasuwa. Wata biyar aka yanke masa. Illa kuwa aka sallame shi, aka haɗa Keita da Buza a hannun Halidu. Mai Lofe ya goge bangon biro ya sake zane, ya kafa doka cewa kwantarola ba zai duba ɗan'uwansa ko surukinsa ba. Ya sa akawu ya bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ya rubuto wa ke da dangantaka da wa. Da takardar ta dawo ya karanta, ya ga daga mai gadi har masu raƙuma kowa ɗan wani ne ko mijin 'yar wani, sai ya aika can nesa aka kawo masa baƙo wanda bai san kowa ba, bai kuma san fata sosai ba.

Cima ta kwashe yara ta koma Keita gidan ubanta, ta yi ta kaɗi da daƙau har watannin suka wuce. A wata na huɗu wani dutse ya suɓuce daga kan kwandon na gabansa ya sauka a hannun Barmo na dama, ya murƙushe babban yatsa da manuni. Suka warke a karkace, ba sa haɗuwa, ba sa jin abin da suka taɓa. Bai sake aikin fata ba. Noma ya koma yi a Allakaye, da hannun hagu, har tsufansa, kuma 'ya'yansa sun ce bai taɓa ba su labarin kamfani da bakinsa ba.

Amma ranar da aka sake shi, kafin ya je ko'ina, Keita ya nufa da ƙafa. Ya iso da la'asar, ya tarar da tsohon zaune a ƙofar gida, idanun sun yi fari fat. Ya durƙusa daga nesa ya yi gaisuwa.

"Matso," in ji Illa.

Ya matsa kaɗan.

"Matso nac ce. An hwaɗa mani hannunka. Kawo."

Barmo ya miƙa. Tsohon ya kama hannun da nasa biyu, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan karyayyun yana dannawa a hankali. Ya daɗe yana haka.

"Da ka yi shiru, da ni ad da wanga."

"Da na yi shiru, Baba, da ba ka dawo gida ba."

"Na sani." Ya numfasa. "Hwatun da sunka ruɓe na yahe maka, rabin laihin nawa na. Amma shekara ukkun da kab bar ni ina zama gindin icce ina zaton akwai mai diba bayana, ita ce har yanzu ban iya yahewa ba. Ina roƙon Allah shi ba ni iko."

Hawaye suka zubo wa Barmo, ya rasa abin gogewa, don tsohon bai saki hannun ba.